Yadda "ya kake" ta koma "ykk": daga Nokia zuwa WhatsApp

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a zauren kawuna a Tudun Wada, sai ya miƙo min waya yana tsaki, wai in karanta masa abin da autansa ya turo daga makaranta a Zariya, don shi ya sa gilashi ya cire bai gane komai ba. Na duba sai na ga: "slm bb ykk xn taho gd gobe a turo kudin mt". Na ce Kawu cewa ya yi salamu alaikum Baba, ya kake, zan taho gida gobe, a turo kuɗin mota. Ya ce to alhamdu lillahi tunda mota ce, shi ya ɗauka mata yaron ke nema tun bai gama aji biyu ba.

Abin da yaron bai sani ba, wannan rubutun ya girme shi, kuma tsadar kuɗi ce ta haife shi ba gayu ba.

Tes na farko a duniya an tura shi ne a Ingila ranar 3 ga Disamba 1992, wani injiniya Neil Papworth ya tura gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani ma'aikacin Vodafone. Tun kafin nan masu tsara GSM sun yanke cewa saƙo ɗaya ba zai wuce harafi 160 ba, har da aya da waƙafi da gurbin da ke tsakanin kalmomi. Mu nan abin bai iso mu ba sai 2001 zamanin Obasanjo, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Glo ta biyo baya a 2003 da lissafin sakan-sakan.

Wanda ya yi wayo a Kaduna a shekarun nan ai zai tuna masu lema da tebur a bakin titin Ahmadu Bello Way da Kawo da Kasuwar Barci, ka biya ka yi kira ana kallon agogo. Minti ɗaya naira 50 ne ko da sakan biyar ka yi, tes kuma naira 15, to ɗalibin Kadpoly da ke lallaɓa katin 200 na sati guda ina zai iya dogon gaisuwa? Kana rubutu idonka na kan lambar nan ta saman allo tana raguwa, da ka ga za ta tsallaka shafi na biyu sai ka koma baya kana yankan haruffa, lafiya ta koma lfy, gaskiya gsky, na gode ngd, magana mgn, wallahi wlh, malam mlm.

Sai kuma wahalar babban yatsa. A Nokia 3310 da 'yar'uwarta mai tocila maɓalli ɗaya na ɗauke da harafi uku ko huɗu. Kafin z ya fito sai ka danna 9 sau huɗu, x kuwa sau biyu, kuma x ba shi da aikin yi a Hausa, zaman banza yake. A ganina nan ne "zan zo" ta zama "xn xo", "yanzu" ta zama "ynx". Haka q, shi ma ba namu ba ne, aka ba shi aikin ƙ, shi ya sa har gobe kake ganin qasa da qauna da qanwata a Facebook.

Maganar ƙ ɗin nan ma akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Jerin haruffan da aka tsara wa tes babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, kuma in ka sa ko guda ɗaya a ciki wayar sauya tsari take yi, shafin ya faɗo daga harafi 160 zuwa 70. Wato rubuta Hausa daidai ƙa'ida ninka maka kuɗi yake yi. Tsofaffin wayoyin ma ba su da haruffan kwata-kwata, don haka in ka ga ɗan shekara arba'in na rubuta "kasa" ba ka san ta Najeriya yake nufi ba ko ta gazawa, kar ka yi saurin cewa bai je makaranta ba, hannunsa ne ya saba.

Na Turanci kuwa aro muka yi, su u da pls da tnx da gud9t da 10q, suka ƙara yawa zamanin manhajojin hira na 2go da BBM wajejen 2010 zuwa 2013. LOL na nufin na fashe da dariya, BRB yanzu zan dawo, OMG kamar ka ce wayyo Allah ne, kuma shi OMG tsoho ne tukuf, an same shi a wata wasiƙa da aka rubuta wa Winston Churchill tun 1917. A 2011 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da LOL da OMG. Su ma masu harshen suna tuntuɓe, a 2012 aka fallasa cewa David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, yakan sa LOL a ƙarshen saƙo da zaton tarin ƙauna take nufi. Mu dai tamu dariyar hhhh ce, tsakinmu mtsw.

Amma ni namu na Hausa sun fi burge ni, don suna da tsari ba kara zube ba ne. Bature yakan ɗauki harafin farkon kowace kalma, mu kuwa wasula muke zubarwa mu bar baƙaƙe, kamar dai yaro a makarantar allo yana babbaƙu bai kai farfaru ba. Wanda ya taso yana ganin Larabci ba wasali bai sha wahalar gane slm da jzk ba. Kuma ykk tana da wata dabara, ba ta nuna namiji ko mace, in baƙuwar lamba ta shigo ba ka san ya kake za ka ce ba ko ya kike, sai ka fake a nan. Inda take ɓaci shi ne irin mt ɗin can, mota ce ko mata ko mutu, sai dai ka duba abin da ke gaba da baya.

Yanzu dalilan duk sun kau. NCC ta ƙayyade tes a naira 4 a 2013, ya koma 6 bayan ƙarin kuɗin 2025, WhatsApp ba ya ƙirga maka harafi, tun 2013 ma akwai saƙon murya, kibod ɗin waya na da ƙ da ɗ ga mai so. Duk da haka yaran da ba su taɓa riƙe Nokia ba su suka fi kowa yanka kalmomi, malaman sakandare na kuka suna ganin "d" da "xuwa" a takardar jarrabawa. Wajen da nake goyon bayan masu faɗa shi ne salati, mutum ya rubuta labarin siyasa shafi uku amma ya zo kan Annabi ya sa haruffa uku ya wuce, kuma wannan ƙorafin ba na yau ba ne, malaman hadisi tun da sun hana masu kwafe littattafai taƙaita shi. Sai kuma babba, "ykk" ta abokai ce, uba "barka da asuba Baba, kun tashi lafiya" ake ce masa ko shafi nawa za ta ci.

Abin da kawu ya faɗa wa autan nasa ke nan, ya danna saƙon murya ya yi kusan minti uku yana nasiha, sannan ya sa na tura dubu biyar. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, ya sake miƙo min ya ce wannan kuma me ya ce? Na duba na ga "tnx bb ngd".