Malaman makaranta, wannan faɗuwar gaban da ke zuwa daf da komawa aiki a daina ɓoye ta

Assalamu alaikum jama'ar Daura da kewaye, musamman malamanmu na firamare da sakandare. Ni ma'aikacin lafiya ne a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocinmu na matakin farko, kuma akwai abin da na daɗe ina lura da shi duk lokacin da dogon hutu ya zo ƙarshe, wajajen watan Satumba ɗin nan, sai ka ga malamai sun fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ciwon kai, wannan zuciya na bugawa, wannan ya ce kwana uku bai runtsa ba, kuma kusan kowannensu da abin da yake zuwa da shi a baki: “likita taifod ce ta dawo” ko “maleriya ce, a rubuta mani allura.”

Toh gaskiya lokacin sauro ne, ba na musun haka, ƙarshen damina maleriya na kwantar da mutane sosai, shi ya sa ma muke fara yin gwaji. Amma sau da yawa gwajin sai ya fito babu komai.

Akwai wani malami, dattijo ne ya ba hamsin baya, ya zo mani ranar Alhamis ana sauran kwana huɗu a koma. Ya zauna kan benci yana ta murza ƙeyarsa, hularsa a gwiwa. Na ɗiga jininsa a abin gwaji, layi ɗaya ya fito, babu maleriya. Na ɗaura masa abin awon jini ya nuna 160/100, na ce ya huta minti goma muka sake, bai sauka sosai ba. Na ce Malam me ke damunka a 'yan kwanakin nan, ban da ciwon? Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce “wallahi ɗana, da na tuna Litinin sai in ji kamar an ɗora mani dutse a ƙirji.” Daga nan magana ta ɓalle. Ajinsa yara sun haura tamanin, rabi a ƙasa suke zama, shi kaɗai, ga geronsa can a gona ya isa yanka bai samu kuɗin 'yan ƙwadago ba, ga 'ya'yansa shida su ma duk za su koma kowa na jiran littafi da yunifom da takalmi, ga man da zai riƙa zuba wa mashin kullum zuwa ƙauyen da aka tura shi, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin man kaɗai ke cinye wani babban kaso na albashin. Yana gama faɗa ya ce in yi haƙuri ya cika ni da surutu. Na ce Malam ai wannan surutun shi ne ciwon da ka zo da shi.

Abin da nake so a gane, jiki ba ya bambance tsoron kura da tsoron Litinin. Da zarar zuciya ta hango abin da take fargaba, jiki sai ya saki sinadaran da ke shirya mutum gudu ko faɗa, su adirenalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, tsokar wuya da kafaɗa su ɗaure, ciki ya murɗa ko ƙirji ya riƙa zafi kamar olsa, barci ya gudu. In na kwana ɗaya ko biyu ne ba komai, yana wucewa da an shiga aiki. Matsalar ita ce in abin ya zauna, zango bayan zango, har mutum ya wayi gari ya gaji tun bai fita ba, yaran da da yake so yanzu ko muryarsu ba ya son ji, yana ganin duk abin da yake yi a banza ne. Wannan ƙonewar da aiki ke yi wa mutum Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta tun 2019 a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Ke nan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, don na san abin da ake faɗa wa malamai ke nan in sun yi ƙorafi, “kai da ka sha hutu har me za ka ce.” Wane hutu? Wanda ya ƙare a gona, ko a kasuwar Mai'adua yana neman na cefane, ko malamar da ta ƙare shi tsakanin murhu da jinyar yara?

Kuma a tsarin ilimi na ƙasa an rubuta malami ɗaya yara 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa leƙa aji a garuruwanmu ya san inda muke. Mutum ɗaya yana ɗauke da kayan mutum biyu ko uku, dole jiki ya yi magana. Sannan 'yan'uwanmu da ke koyarwa a kudancin jihar nan da yammacinta suna da wani nauyin daban, tun sace ɗaliban da aka yi a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 akwai malaman da komawa makaranta a wurinsu fargabar rai ce, ba ta aiki kaɗai ba, kuma wannan ba abin da za a ce wa mutum “ka cire a ranka” ba ne.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne hanyar da ake bi a kashe ciwon. A tsaya kemis a ce a haɗa na ciwon jiki, a ba ka ƙwayoyi huɗu biyar a leda ba ka san sunan ko ɗaya ba, yawanci da irin su ibuprofen da diclofenac a ciki, a sha kan yunwa, su kuwa suna cin ciki kuma suna iya ƙara hawan jini da taɓa ƙoda in an daɗe ana sha. Wasu matasan malamai har tiramol suke fara taɓawa wai don su iya tsayuwa. Don Allah a bari. Mai hawan jini kuma da ya ajiye maganinsa lokacin hutu don ya ji sauƙi, ya koma kansa yau, hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

In ana sauran mako guda a koma, a fara maido da barci wurinsa, a riƙa kwanciya da wuri kaɗan kaɗan, babba na buƙatar awa bakwai zuwa sama, a rage shayi mai kauri da goro bayan magariba, wayar nan kuma a ajiye ta nesa da filo. Kada ka zauna kana lissafin zango gaba ɗaya a kanka cikin dare, makonni goma sha da jarabawa da makin takardu da cike rajista, babu wanda zai ɗauki wannan a tashi ɗaya. Ɗauki biro ka rubuta abin da ke cin ranka, ka shirya darasin makon farko kaɗai ka rufe littafin. Ranar komawa a karya kafin a fita ko da kunu da ƙosai ne, a tafi da gorar ruwa, don maƙogwaron malami shi ne jarinsa, ƙurar alli da ɗaga murya ga hunturu na tafe. Kuma a samu abokin aiki ɗaya da za a riƙa faɗa wa gaskiya, za ka sha mamakin yadda shi ma abin da ke cinka ke cinsa.

Malamai mata, ku naku ya ninka. Wata malama mai goyo ta ce mani tun ƙarfe huɗu take tashi, kuma daren Lahadi ko tuwo ba ta iya haɗiyewa, sai ta shiga ɗaki ta yi kuka ba ta san dalili ba. Maigida, in matarka malama ce, makon farkon nan ka ɗauke mata wani abu, ko kai yara makaranta ko cefane, ka kuma tambaye ta ya aiki ka tsaya ka ji amsa.

Hedimastoci da shugabannin makarantu, ina roƙonku da girmamawa, ranar farko ba ranar zazzaga faɗa a gaban yara ba ce. A zauna da malamai a raba darussa da adalci, wanda aka ga ya rame ko ya yi shiru fiye da da a ja shi gefe a tambaye shi lafiya.

Akwai inda abin ya wuce na shawara. In baƙin ciki da rashin jin daɗin komai sun kai mako biyu ba sa ɗagawa, ba barci ba cin abinci, ko mutum ya fara jin gara ma ya mutu ya huta, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani, a zo asibiti, in ya fi ƙarfinmu mu tura babban asibiti nan Daura ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A yi addu'a, a kuma zo, ba sa hana juna. Ciwon ƙirji mai tsanani da gumi, ko baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya su saki, wannan kam ko minti ɗaya kada a jira.

Malamin nan da na ba ku labari mun sake auna shi sau biyu a ranaku daban, jinin bai sauka ƙasa da 140/90 ba, aka ɗora shi kan magani, yanzu duk Alhamis in ya taso daga makaranta yakan biyo a auna. Awon bai kai minti biyar ba. Duk malamin da ya haura shekara arba'in, ko yake jin irin abubuwan nan, ya biyo ta asibitin unguwarsu kafin Litinin, kuma in ma'aikacin lafiya ya tambaye ka me ke damunka, ka faɗa masa har da na makarantar.