Mene ne birisket, kuma awa nawa yake ɗauka a kan hayaƙi?

Birisket shi ne sunan da Amurkawa suke kiran naman ƙirjin shanu, wato tsokar da ke tsakanin ƙafafun gaba, wadda take tallafe da nauyin dabbar a tsaye da kuma a tafiye. Saboda wannan aiki ne naman ya cika da jijiya, ta yadda idan aka gasa shi da gaggawa a kan garwashi sai ya gagari haƙori. A tsakiyar jihar Texas, inda mahauta 'yan asalin Jamus da ƙasar Cek suka buɗe shagunan nama tun ƙarni na 19, kalmar ta zama sunan abinci daga baya: ƙirji guda cur da aka barbaɗa wa gishiri da baƙin masoro, aka ajiye a rufaffen murhu, wutar wani itace da ake kira oak tana can gefe, hayaƙi da ɗumi kaɗai suke isa gare shi. Ya bambanta da banda, domin ita busarwa take nema, shi kuwa laushi.

Cikakken ƙirji yakan kai kilo 5 zuwa 7, kuma ana riƙe zafin murhu tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan wuta ana ƙiyasta awa biyu zuwa uku ga kowane kilo, ke nan mai kilo 6 zai iya cinye awa 12 zuwa 18, abin da ya sa masu sana'ar suke ɗora shi tun da dare.

Sai dai wannan lissafi ƙiyasi ne kawai, kuma wanda ya dogara da agogo shi kaɗai yakan bar baƙinsa da jira. Idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 65 zuwa 75, sai ya cije, ya ƙi gaba, wani lokaci har na awoyi da dama, alhali wuta tana nan yadda take. Abin da ke faruwa shi ne naman yana gumi, ruwan da ke tsattsafowa a bayansa yana tashi yana tafiya da zafin da murhu ke kawowa. A nan ne sabon shiga yake ruɗewa ya ƙara itace, sai baya ya ƙone, ciki kuma bai nuna ba. Ƙwararru ko dai su yi haƙuri, ko su naɗe naman a takardar mahauta ko ta alminiyom domin a tare gumin. Takardar mahauta ta fi, a ganina, tun da tana barin baƙin ɓawon da ke samuwa a bayan naman da ɗan ƙarfinsa.

Ana sauke shi idan cikinsa ya kai kusan digiri 93 zuwa 96, lokacin da jijiyar ta narke, tsinken ma'aunin zafi kuma yana shiga ba tare da turjiya ba. Sannan a bar shi a naɗe ya huta na awa ɗaya ko biyu kafin a sa wuƙa, a kuma yanka shi a gicciye da zaren tsokar.

Batun yawan da za a saya shi ne inda aka fi yin kuskure, domin tsakanin kitsen da ake feƙewa da ruwan da ke fita, ƙirjin yakan rasa kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyinsa. Ɗanye mai kilo 6 zai dawo kilo 3 da ɗan ɗoriya. Gidajen gashi na Texas da awo suke sayarwa, kuma abin da aka saba lissafa wa babban mutum shi ne rabin fam, kimanin giram 225 na nunanne, a kan takarda tare da farin burodi da albasa. Saboda haka ana ware wa kowane baƙo kusan rabin kilo na ɗanye, ƙirji mai kilo 6 kuwa zai ciyar da mutum 12 zuwa 14.