Sauka a otal a Zermatt lokacin dusar ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi

Zermatt ƙaramin gari ne a jihar Valais, kudancin Suwizalan, a gindin dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478. Garin kansa yana kan tudun mita 1,600 da 'yar ɗoriya. Jama'a na tururuwa can lokacin sanyi don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma tsarin otal-otal ɗinsa ya sha bamban da na manyan birane.

An ce mota ba ta shiga garin. To yaya ake isa otal da kaya?

Gaskiya ne. Mai mota yakan ajiye ta a ƙauyen Täsch, kilomita 5 kafin garin, ya hau jirgin ƙasa na jigila wanda ke ɗaukar minti 12. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Zurich kuwa, gara ya hau jirgin ƙasa tun daga can, ya canza jirgi a garin Visp. Tafiyar duka wajen awa 3 da rabi ce. A cikin gari ƙananan motoci masu aiki da lantarki ne ke zirga-zirga. Otal-otal da yawa suna da tasu, amma ba za su zo tasha ba sai ka sanar da su lokacin isowarka, don haka ka aika saƙo kwana ɗaya kafin tafiya. Jan akwati mai taya a kan titin da ƙanƙara ta daskare, ga hawa, ga duhu tun ƙarfe biyar na yamma, wahala ce da ba dole ba.

Yaushe kuɗin ɗaki ya fi tsada?

Makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, sai watan Fabrairu da makarantun Turai ke hutu. A waɗannan lokuta otal kan ƙi ba da ɗaki na kwana ɗaya ko biyu, wasu ma sai mako cur, Asabar zuwa Asabar. Farkon Disamba da tsakiyar Janairu sun fi sauƙi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, da kuma watan Nuwamba, otal-otal da dama a rufe suke. Kafin ka biya, karanta sharaɗin fasa zuwa. Ɗakin da ya fi araha galibi shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, kuma wanda yake jiran bizar Schengen, wato bizar shiga ƙasashen Turai da dama har da Suwizalan, bai kamata ya ɗaure kansa da irin wannan ba.

Me kuɗin ɗaki ya ƙunsa?

Yawanci kwana da karin kumallo. Akwai tsarin da ake ce wa Halbpension, wato an haɗa da abincin dare. A gari mai tsadar abinci irin wannan tsarin yana da amfani, sai dai abincin na zuwa ne a ƙayyadadden lokaci, kuma abin da aka dafa a ranar shi za a kawo maka. Harajin baƙi na 'yan faran (kuɗin ƙasar) kaɗan a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa daban ake karɓarsa ranar tafiya. Tikitin hawa dutse, hayar takalmi da allunan zamiya, da kuɗin mai koyarwa, duk ba sa ciki, kuma idan aka tara su suna iya kamo kuɗin ɗakin. Kuɗin ƙasar faran ne na Suwizalan. Ana karɓar yuro a wasu wurare, amma canjin ba ya yi wa baƙo daɗi, gara a biya da kati.

Wane ɓangaren gari ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da ya kai ka. Tashar jirgin ƙasan da ke hawa tsaunin Gornergrat tana daura da babbar tashar gari. Ƙofar jirgin da ke bi ta cikin dutse zuwa tudun Sunnegga tana bakin kogi. Motocin igiya, waɗanda ke tafiya a rataye a sama, masu zuwa tsaunin Klein Matterhorn kuwa suna can ƙarshen gari ta kudu. Tafiyar minti goma da takalmin zamiya, wanda yake da tauri kamar an zuba ƙafa a siminti, ta fi ta minti talatin da takalmin gida wuya. Ka tambayi otal nisansa da tashar hawa ko inda bas ke tsayawa, sannan ka tambaya ko a kan gangare yake, domin taswira ba ta nuna hawa. Ɗakin da tagarsa ke kallon Matterhorn ya fi tsada, kuma ranar da gajimare ya sauko, da shi da sauran duk ɗaya ne.

Musulmi zai samu abin ci?

Zai samu, amma sai da lura. Naman alade ya yi yawa a teburin safe. A takardar abinci ka kiyayi kalmomin Jamusanci Schwein, Speck da Schinken, duk naman alade suke nufi, haka nan tsiran-tsiran Turawa irin su salami. Rösti, wato soyayyen dankalin da aka goge, wani lokaci da kitsen alade ko gutsattsarinsa ake yinsa. Fondue, narkakken cukun da Suwizalan ta shahara da shi, da farar giya ake dama shi, ana kuma ɗiga masa barasa. Mutane da yawa ba su san haka ba. Raclette cuku ne da ake narkawa a zuba a kan dafaffen dankali, sai dai a ce kada a kawo busasshen naman da ake haɗawa da shi. Kifi, ƙwai, taliya, burodi da 'ya'yan itace ba su da matsala. Idan ka ɗauki tsarin abincin dare, rubuta wa otal tun kafin ka zo cewa ba ka cin alade kuma ba a sa maka giya a miya. Masu dafa abincin sun saba da irin wannan buƙata, abin da ba sa so shi ne a faɗa musu bayan an kawo faranti. Akwai kantunan Coop da Migros a gari ga mai son sayen nasa.

Tsayin wurin yana cutarwa?

Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. A cikin gari yawancin masu lafiya ba sa jin komai sai haki wajen hawa bene da ɗan rashin barci a daren farko. Ciwon tsauni kan fara ne daga wajen mita 2,500, ga shi Gornergrat mita 3,089 ne, tashar Klein Matterhorn kuma mita 3,883. Motar igiya na kai mutum can cikin ƙasa da awa guda, jiki bai samu lokacin sabawa ba. Alamunsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Maganin farko shi ne saukowa. Kada ka hau can sama a ranar da ka iso, ka bari sai ka kwana ɗaya ko biyu, ka yawaita shan ruwa. Na famfo mai kyau ne.

Mai cutar sikila kuwa, ƙarancin iskar shaƙa da sanyi da bushewar jiki duk abubuwa ne da ke tayar masa da ciwo, kuma ga su a haɗe wuri guda. Kada ya yi wannan tafiya sai da izinin likitansa. Ko mai rukunin jini AS, wanda ba ya jin komai a gida, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, dalili ne na saukowa nan take a nemi asibiti. Lambar motar asibiti 144 ce. Inshorar da ake nema wajen biza, mai ɗaukar aƙalla yuro 30,000, ba lallai ta haɗa da wasan ƙanƙara ko ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu ba. Ka duba takardar, domin wanda ya karye a kan dutse sau da yawa da jirgin kamfanin ceto na Air Zermatt ake sauko da shi, kuma kuɗin na da yawa.

Ɗakin zai yi sanyi? Me zan riƙo?

Ɗaki da ɗumi, har yakan yi yawa. Abin da ke damun baƙo shi ne bushewar iska: leɓe ya tsage, hanci ya yi haɓo, don haka man shafawa da na leɓe dole ne. A waje ana sa kaya hawa uku: na ciki mai manne wa jiki wanda ba auduga ba, domin auduga na riƙe gumi ta sanyaya mutum, sai rigar ulu, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. A ƙara safar hannu, hula da takalmi mai ƙasa mai kama ƙanƙara. Tabarau mai duhu ba ado ba ne, hasken rana da ke dawowa daga ƙanƙara na ƙona ido, kuma baƙar fata ma na ƙonewa. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da ake amfani da shi a Najeriya da Ghana ba ya shiga soket ɗinsu, sai da adafta ta Suwizalan. Ba a ajiye buta a banɗaki. Jiƙaƙƙen takalmin zamiya ba a shiga ɗaki da shi, akwai ɗakinsa a ƙasa mai na'urar busarwa. Ɗakin surace na otal kuma, a yankin masu jin Jamusanci sau da yawa maza da mata a haɗe suke shiga, ba tufafi. A tambaya kafin a tura ƙofa.

Salla fa?

Alƙibla tana kudu maso gabas. A Disamba rana gajera ce, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kurkusa. Kada ka dogara da ido, domin rana na ɓuya bayan duwatsu tun kafin ainihin faɗuwarta. Yi amfani da jadawalin waya.

Idan hanya ta toshe ranar komawa?

Yana faruwa. A Janairun 2018 barazanar zaftarewar ƙanƙara ta rufe layin dogo, baƙi kimanin 13,000 suka maƙale a garin, wasu sai ta sama aka fitar da su. Hanyar fita ta jirgin ƙasa ko mota ɗaya ce, ta kwarin da ke gangarawa Visp. Kada ka sa ranar barin Zermatt ta zo daidai da ranar tashin jirginka na komawa gida. Ka kwana na ƙarshe a Zurich ko Janeba, kuma ka bar rarar kwana biyu ko uku a bizarka.