Ba Turawa ne suka ƙirƙiro wasan chess ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a Turai aka haifi chess, kuma tun fil azal dokokinsa haka suke. Duka biyun ba haka ba ne.

Tushen wasan yana Indiya, wajen ƙarni na 6. Daga nan ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi a ƙarni na 7 suna kiransa shaɗaranji. A Bagadaza ya bunƙasa har aka samu gwanaye irin su al-Suli, wanda ya rasu a wajen 946. Ta Andalus da Sisili ya ƙetara Turai.

Amma wasan wancan zamani yana da nawa. Inda sarauniya take a yau, waziri ne ke tsaye kusa da sarki, kuma taku ɗaya tak yake yi a karkace, abin tausayi. Giwa, wadda daga baya ta koma ɗan wasan da ake kira bishop, tsalle take yi zuwa gida na biyu a karkace. Sai a yi ta jan wasa kafin a gwabza.

A ƙarshen ƙarni na 15, a yankin Balensiya ta Sifaniya, aka sakar wa sarauniya mara ta ratsa allo ta kowace fuska, bishop ma ya samu dogon zango. Littafin chess da wani ɗan Sifaniya mai suna Lucena ya wallafa a 1497 ya kawo tsofaffin dokokin da sababbin tare, injin buga littattafai kuma ya taimaka suka bazu zuwa Italiya da Faransa. Wannan gyara hakika na Turawa ne, a ba su haƙƙinsu. Hukumar chess ta duniya, FIDE, kuwa sai 1924 aka kafa ta a Paris.