Gas Mai Guba Na Tsiyaya: Ku Ajiye Mesar Ruwa Ku Ji Amsa

Duk rukunin sababbin 'yan kwana-kwana da ya zauna a gabana, tambayoyin nan dai su ne, ba sa canzawa. Na amsa har bakina ya gaji. Ga su a rubuce. Wanda ya sake kawo mini ɗaya daga ciki, takardar nan zan miƙa masa in yi gaba.

Wane irin gas ake nufi?

Wanda ya haɗa sharri uku. In ka shaƙa ya kashe ka, in ya taɓa fata ko ƙarfe ya ci, in ya gamu da ruwa ya ɗau zafi ya rikiɗe. Haidurojin kuloraid, haidurojin fuloraid, boron tirikuloraid, kulorin. Amoniya ma a sa ta a layin. Ita ba asid take bayarwa ba, kishiyarsa ce, amma ido da huhu ba su san wannan bambancin ba.

Kayan kashe gobararmu za su kare mu?

A'a. Don zafi aka ɗinka su. Gas yana shiga ta wuya, ta hannun riga, ta bakin takalmi, ya tarar da gumin jikinka, gumin kuwa ruwa ne. Wanda zai kusanci bakin yoyon sai da rufaffiyar rigar sinadarai wadda ta haɗiye shi gaba ɗaya har da tukunyar iskar da ke bayansa. Ba ku da ita? To ba ku ne masu shiga ba.

Jiƙaƙƙen hankici a hanci fa?

Kar in ƙara jin wannan daga bakin ma'aikaci.

Ta ina za mu tunkari wurin?

Ta inda iska ke fitowa, kuma ta tudu. Ku tsaya nesa, ku juya gaban mota ta hanyar fita, ku duba da madubin hangen nesa. Kulorin ya ninka iska nauyi kusan sau biyu da rabi, don haka ƙasa yake bi, ya kwanta a kwari da kwalbati da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Wani zai ce ai amoniya ta fi iska sauƙi, sama za ta yi. A aji haka ne. Wadda ta fito daga tanki da sanyinta farin hazo take yi, ta bi ƙasa kamar kulorin, sai ta ɗumama take tashi.

Littafin nan mai ruwan lemo na agajin gaggawa, wanda hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko ke sabuntawa duk bayan shekara huɗu, ya ce a fara killace aƙalla mita 100 ta kowace fuska. Mafari ke nan. Ku buɗe korayen shafukan da ke bayansa ku ga lissafin gaskiya. Tankin jirgin ƙasa na kulorin, da dare, iska a kwance, nisan da za a kare jama'a ya haura kilomita 11.

Yaya za mu gane ko wane ne?

Ba da hanci ba. Ku karanta lambar da ke jikin tanki: 1017 kulorin, 1005 amoniya, 1050 haidurojin kuloraid, 1052 haidurojin fuloraid, 1741 boron tirikuloraid. Farin allo mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa da lamba 2 a ƙasa, gas mai guba ne. Harafin X a farkon lambar haɗari, ko W da aka ja wa layi a tsakiya, ma'anarsu ɗaya: kada ruwa ya taɓa. Ku nemi direba ko injiniyan masana'anta, ku karɓi takardar bayanin sinadarin.

To, mu fesa ruwa ko kada mu fesa?

Yauwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ba ku "i" ko "a'a" ba, domin duk wanda ya ba ku amsa guda ya yaudare ku.

Mu fara da inda babu gardama. Ba a kai ruwa bakin yoyo. Ba a bari ruwa ya shiga cikin tanki. Busasshen kulorin yana zaune lafiya da ƙarfe, shi ya sa ake adana shi a tukunyar ƙarfe. Da zarar ya jiƙe sai ya zama asid ya fara cin ƙarfen, ramin da bai fi bakin allura ba ya yi ta buɗewa a gabanka, kai kuma kana riƙe da mesa kana ganin taimako kake yi. A Bhopal ta Indiya, a daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984, ruwa ne ya shiga tankin sinadarin metil aisosayanet a masana'antar Union Carbide, tankin ya ɗau zafi ya amayar da abin da ke cikinsa, dubban mutane suka mutu. Feshin ruwan da aka kunna don a kwantar da gas ɗin ma bai kai tsayin inda yake fita ba.

Haka nan ba a zuba ruwa a kan sinadarin da ya fito daga tanki ruwa-ruwa ya kwarara ƙasa ya yi tafki. Amoniya tana tafasa ne a digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kulorin a 34. Ruwan mesarka, duk sanyinsa, a wurin wannan tafkin ruwan zafi ne. Kana zubawa, tafkin da yake ƙafewa a hankali sai ya tashi lokaci guda.

Sai kuma inda ruwa yake da amfani, kuma a nan ne nake taka-tsantsan. Feshi mai laushi kamar yayyafi, a kan hazon da ya riga ya tashi, can gaba da bakin yoyon ta inda iska ke kai shi, yana iya rage shi ko ya karkatar da shi. Na ce yana iya. Ya danganta da gas ɗin. Lita ɗaya ta ruwa tana shanye ɗaruruwan litoci na amoniya ko haidurojin kuloraid, saboda haka labulen ruwa yana yi musu aiki sosai. Kulorin kuwa lita biyu da 'yar ɗoriya kawai take shanyewa, mafi yawan abin da feshin zai yi shi ne ya dama shi da iska ya tura shi gefe. Wani lokaci hakan ya isa a sami 'yan mintunan kwashe mutane. Wani lokaci kuma ka tura shi ne kan wasu.

Ko a inda ya dace, akwai sharuɗɗa. Dole ruwan ya yi yawa kuma kada ya yanke, domin ɗan ruwa a kan gas mai yawa zafi da hayaƙin asid kawai yake ƙarawa. Tankin mota ɗaya ba zai kai ku ko'ina ba. Dole ku san inda ruwan zai gangara: in ya komo kan tafkin ko gindin tankin, kun ɓata rawarku da tsalle. Wanda ya sauko kuma ba ruwa ba ne yanzu, asid ne, ko kishiyarsa in amoniya ce, a tare shi da yashi ko ƙasa kada ya shiga magudana ko rafi. In kuna da bututun feshi da ake girkewa a ƙasa a bar shi, shi za ku sa, ba mutum ba. Irin su boron tirikuloraid, waɗanda ko laimar iska ta ishe su fitar da farin hayaƙi, ni ba na buɗe musu ruwa sai na ji daga bakin masanin sinadarin. In kuka rasa tabbas a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ku bar mesa a naɗe, ku faɗaɗa shinge, ku kwashe mutane. Babu wanda zai tuhume ku a kan haka.

In wuta ta kama kusa da tankin fa?

Nan kiɗa ya canza. A sanyaya jikin tankin da ruwa mai yawa daga nesa, amma ban da bakin yoyo da bawul ɗin rage matsi, kada ƙanƙara ta toshe shi. Kuka ji ƙarar bawul na ƙaruwa, ko launin tankin ya fara sauyawa, ku janye nan take. Ku bar mesar a wurin.

Ga mutane a kwance muna kallo, mu tsaya?

Na san abin da ke cin ranku, kuma ba laifi ba ne, shi ya kawo ku aikin nan. Amma in ka ruga ba kariya ka faɗi, masu jiran ceto sun ƙaru da ɗaya, masu ceto sun ragu da ɗaya. Ku ɗauki lasifika ku kira masu iya tafiya, ku nuna musu su ratsa iska ta gefe, kada su gudu a gabanta. Masu cikakkun kaya su shiga bibbiyu, wasu biyu na tsaye a shirye a waje, wani kuma yana riƙe da agogo, domin tukunyar iskar da aka rubuta wa minti 30 ba ta kai haka a jikin mai haki.

Wanda aka fito da shi a tuɓe masa kaya, a wanke fata da ido da ruwa mai gudu na aƙalla minti 20. I, ruwa. A jikin mutum yawan ruwa ne magani, kada ku haɗa wannan da zancen tanki. Tufar da sanyi ya manne da fata a jiƙa ta ta saki kafin a cire. Ba a hura masa iska baki da baki. In haidurojin fuloraid ne a gaya wa asibiti tun a hanya, suna buƙatar man kalsiyam gulukonet.

A kwashe unguwa ko a ce su kulle ƙofa?

In hazon ya riga ya iso, fitar da mutane titi jefa su ne a ciki. Su shige ɗaki, su rufe tagogi, su kashe na'urar sanyaya ɗaki, su hau bene in akwai. In da sauran lokaci kuma yoyon zai daɗe, a kwashe. A Graniteville ta Amurka, ranar 6 ga Janairu 2005, jiragen ƙasa suka yi karo cikin dare, tankin kulorin ya fashe, mutum 9 suka rasu, aka kwashe sama da 5,000, wasu suka yi kwanaki ba su koma gida ba.

Za mu iya toshe yoyon da kanmu?

In bawul ne da za a rufe daga nesa, a rufe. Ƙaramar tukunya, a juya ta ramin ya kalli sama, gas ya fita maimakon ruwansa, domin ruwan kulorin yana kumbura kusan ninki 460 in ya zama gas. Sauran aikin na masu horo ne da kayan toshiya na musamman.

Na ɗan shaƙa, amma garau nake ji. In tafi gida?

Asibiti za ka. Ruwa yana iya taruwa a huhu bayan sa'o'i, kana kwance a gadonka. Kuma cire rigar nan ka sa ta a leda kafin ka hau mota.