Kwanon urushi na Japan: na cin abinci ne ko na ajiya a kabad?

Wanda ya fara ganin kwanon miyar Japanawa, baƙi wuluk ko ja jawur, yana sheƙi kamar an shafe shi da mai, abin da zai fara zuwa masa shi ne a jera shi a kabad kamar kayan amarya. Su kansu Japanawa da dama haka suke yi, sai bikin sabuwar shekara ake fito da shi. Masu sana'ar kuwa ba haka suke so ba.

Shi urushi ɗin mene ne? Fenti ne?

Ba fenti ba ne. Ruwan jikin wata bishiya ne da ake tsaga ɓawonta a riƙa tara abin da ke tsattsafowa, daga Yuni zuwa Oktoba, a shafa shi a jikin kwanon katako. Sai bishiyar ta shekara 10 zuwa 15 kafin a taɓa ta, kuma duk abin da za ta bayar bai wuce giram 200 ba, sannan a sare ta. Tsadar ke nan. Yankin Joboji na lardin Iwate ne ke samar da mafi yawan na cikin gida, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ake aiki da shi a Japan daga ƙasar Sin ake kawo shi.

Abin mamakin shi ne yadda yake ƙanƙarewa. Ba rana yake so ba, ba kaɗawar iska ba. Danshi yake buƙata, kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100, da ɗan ɗumi. Saboda haka bayan kowane shafe sai a kai kwanon cikin wani akwatin katako da aka jiƙa bangonsa, a bar shi ya kwana.

To da gaske yana da ƙarko?

Ƙwarai. An tono wani matajin kai mai jan urushi a Torihama, lardin Fukui, wanda ya kai kimanin shekara 6,000, da launinsa. Idan ya gama ƙanƙarewa, tsami ba ya cin sa, gishiri ba ya cin sa, ruwa ba ya ratsa shi.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙarkon kwano yana can ƙasa, a shafen da ido ba ya gani. A garin Wajima na lardin Ishikawa, inda aka fi shahara da wannan, sai an liƙa ƙyalle a bakin kwanon da gindinsa, wuraren da suka fi saurin ɓantarewa. Daga nan a kwaɓa urushi da garin wata ƙasa da ake haƙa a wajen garin a ƙona, ana kiran ta jinoko, a shafa, a goge, a sake shafawa. Matakan aikin sun haura 100, kuma ba hannu ɗaya ke yin su ba: mai sassaƙa daban, mai shafen ƙasa daban, mai shafen ƙarshe daban. A ganina wanda ya sayi irin wannan ya kulle shi ya yi asarar rabin kuɗinsa, domin don wahala aka yi shi.

Me ya sa suka fi son sa wajen shan miya?

Bajapane ɗaga kwano yake yi ya kai baki. Katako ba ya ɗaukar zafi kamar tangaran ko tasa, don haka hannu ba ya ƙonewa, miyar kuma ba ta saurin hucewa. Duk wanda ya ci tuwo a akushi ya san wannan. Ga shi ba nauyi.

Yaya ake wanke shi?

Ruwa mai ɗumi, ɗan sabulun wanke-wanke, soso mai laushi, a goge da tsumma nan take. Shi ke nan. Gogewar yau da gobe ma ita ke ƙara masa sheƙi.

Me ke lalata shi?

Na farko hasken rana, wanda ke cinye shafen har ya dusashe. Na biyu bushewa. Katakon da ke ciki yana numfashi, idan ya rasa danshi sai ya tsuke, shafen ya tsage. Kwanon da ake wankewa kullum yana samun ɗan ruwan da yake so, wanda aka manta a kabad shekaru kuwa shi ke dārewa. Mai irin wannan kwano a ƙasarmu ya kula da shi da hunturu, ya ajiye kofin ruwa kusa da shi idan zai daɗe bai taɓa shi ba.

Kada a sa shi a na'urar ɗumama abinci ko injin wanke kwanuka, kada a bar shi ya kwana a ruwa ko ya daɗe a firji. Cokalin ƙarfe yana karce shi. Miya mai tafarfasa, idan aka juye ta kai tsaye daga wuta, tana iya sauya masa launi.

An ce yana sa ƙaiƙayi.

Ɗanyen ruwan ne ke sa ƙuraje, har masu koyon sana'ar kan sha fama da shi. Wanda ya ƙanƙare sosai ba safai yake damun kowa ba. Sabo kan zo da ɗan wari. A bar shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko a tusa shi cikin ɗanyar shinkafa kwana biyu zuwa uku.

Idan ya tsage fa?

A mayar wa wanda ya yi shi. A Wajima gyara wani reshe ne na sana'ar, ana kankare inda ya lalace a sake shafe, kwano ya dawo sabo. Girgizar ƙasar 1 ga Janairun 2024 ta rushe wuraren aiki da yawa a garin, gobara ta cinye tsohuwar kasuwar safe, amma ba a daina sana'ar ba. Akwai ma nau'in Negoro, mai jan shafe a kan baƙi, wanda sai ya tsufa baƙin ya fara leƙowa sannan ake ganin ya yi kyau.

Ta yaya zan gane na gaske?

Da ido kawai yana da wuya, domin kasuwa cike take da na roba da aka fesa wa fentin zamani. Dokar Japan ta tilasta a rubuta abu biyu a takardar kayan: abin da aka yi jikin kwanon da shi, da abin da aka shafa masa. A nemi a karanta maka su biyun. Akwai na roba mai shafen urushi na gaske, akwai kuma na katako mai fenti.