Doguwar Tafiyar Ƙasa Tsakanin Duwatsu da Tafkuna

Doguwar tafiyar ƙasa ita ce mutum ya goya kayansa ya bi hanyar da aka shata, a ƙafa, kwana da kwanaki, yana yada zango duk inda rana ta faɗi. Ba fatauci ke fitar da shi ba, ganin ƙasa ne da motsa jiki. Hanyoyin da aka fi so su ne masu ratsa duwatsu suna bin bakin tafki, domin hawa yana gajiyarwa, ruwa kuma yana hutar da ido da ƙafa.

A Turai akwai hanyar da ta kewaye dutsen Mon Bulan, mai tsawon kusan kilomita 170, ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan. Akwai wata kuma a Sikotilan, wadda aka buɗe a 1980, kilomita 154 ce, kusan nisan Zariya zuwa Kano. Tana tashi daga kusa da Gilasgo, ta bi gabashin tafkin Lomon, ta ƙare a gindin Ben Nebis, dutse mafi tsawo a Birtaniya, mita 1,345. Galibi mako guda ake yi. Wani sashenta tsohon burtali ne da makiyaya ke kora shanu kasuwa, abin da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, tun da da ƙafa fatake suka je Gwanja sayen goro, madugu na shugabantar ayari.

Bazazzagi mai son gwada ƙafarsa yana da wurin farawa. Dutsen Kufena yana nan dab da Wusasa, kuma gara a hau shi da sanyin safiya, kafin falalen ya ɗau zafi har ya ratsa takalmi. Da damina santsi gare shi ƙwarai, da hunturu kuma hazo kan rufe garin, sai dai a hango shi dishi-dishi. Mai son bakin ruwa sai ya gangara madatsar Kubanni a Samaru, ko ya bi gefen kogin Galma inda masu lambu ke ban ruwa da rani.

Guzurin ba shi da yawa: gorar ruwa, dabino ko ƙuli-ƙuli, sanda, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi ba na wannan tafiya ba ne, kafin azahar ya tayar da bororo a diddige.